Tarihin Sistocin St. Louis da Abin da Za Mu Koya

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu sun ji labarin makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai a birnin Kano, amma kaɗan ne suka san asalin waɗanda suka kafa ta.

Wani Fada mai suna Louis Bautain ne ya kafa ƙungiyar Sistocin St. Louis ta ɗarikar Katolika a 1842, a garin Juilly kusa da Paris ta ƙasar Faransa. A 1859 sistoci uku kacal suka ƙetare teku zuwa garin Monaghan na ƙasar Ailan, Genevieve Beale ce shugabarsu. Lokacin nan ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba daga yunwar da ta fara a 1845, sa'ad da cuta ta cinye dankalin Turawa a gonaki, mutane wajen miliyan ɗaya suka mutu. Da 'ya'yan talakawa mata suka fara aiki.

Daga Ailan ne suka zo Gana a 1947, suka iso Kano a 1948. Daga baya suka buɗe makaranta a Jos da asibiti a Zonkwa. Ba su riƙe aikin a hannunsu kaɗai ba. Sun karɓi 'yan matan ƙasa, suka horar da su, suka ba su ragama. Da masu shiga aikin suka ragu a Ailan, aikin Nijeriya bai mutu ba, gama akwai magada. Har sistocinmu na Afirka suka kai aikin Jamhuriyar Benin da Habasha.

To, mu fa? Cikin yawon da muke yi a ƙauyukan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, mukan tarar da ƙungiyar gama kai wadda mutum ɗaya ne ya iya rubuta lissafin taki da na rance. In ya kwanta ciwo, littafi ya rufe. A gidajen nan kuwa akan cire yarinya daga makaranta da kaka don roron gyaɗa, ba ta sake komawa ba sai aure.

Shawararmu ita ce, bayan girbin bana kowace ƙungiya ta ware buhun masara ko dawa domin kuɗin makarantar 'yan matan membobinta. Magatakarda kuma ya zaunar da yarinya ɗaya mai karatu kusa da shi a kowane taro, ta koyi riƙe littafi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ubangiji ya taimake mu, amin.