Akwatin wasiƙa cikin salula

Mai kai albasar Galmi Abijan yana iya buɗe adireshin imel kyauta, dillalinsa ya riƙa aiko masa da lissafi. Amma gidajen imel ba ɗaya ba ne.

Gmail yana ba da wuri mai yawa, giga 15, sai dai mabuɗin wasiƙun yana hannun kamfanin Google. In mutum ya shekara 2 bai leƙa ba, ana iya share akwatinsa. Proton Mail na ƙasar Suwis wurinsa kaɗan ne, amma ko ma'aikatansa ba su iya karanta wasiƙar da aka ajiye.

Sau da yawa yaron da ke cajin waya a kasuwa ne ke buɗe wa manomi akwati. To, ya san kalmar sirrin ke nan. Sai mai akwatin ya sake ta tun ranar.