Yarjejeniyar sauyin yanayi: daga teburin shugabanni zuwa gonar talaka

A watan Disamba na 2015 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Paris, wadda manufarta ita ce hana ɗumamar duniya kaiwa digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu. Sai dai gwamnatin ƙasa alkawari take ɗauka. Cika shi yana hannun magajin gari, mai gari da manomi.

Jihohin Maradi da Damagaram sun isa misali. A da, doka ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati. Manomi bai ga dalilin renon gawo a gonarsa ba, tunda in ya sare reshe jami'an gandun daji za su ci shi tara. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a rene shi. Da hukuma ta sassauta, aikin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba dashe ba ne, kuma ba kuɗin ƙetare ne ya yi yawancinsa ba.

A nan rabon aikin yake bayyana. Gwamnati ke yin doka, kamar dokar karkara ta 1993 da ta kafa kwamitocin kula da filaye, da kuma dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena. Amma wa zai hana ɓarawon itace da dare? Wa zai shata burtali, ya sasanta manomi da makiyayi? Wannan sai kwamitin gari da ƙaramar hukuma. Matsalar ita ce yawanci ana miƙa musu nauyi ba tare da isassun kuɗi ba, kuma tallafin yanayi kan daɗe a manyan ofisoshi kafin ya iso ƙauye.

Malamai ma suna da gurbi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa shukar da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare ta sadaka ce ga mai ita. Liman da ya karanta wannan a huɗuba, ya dace ya kuma tambayi hukumar garinsu nawa ta ware wa itatuwa da magudanan ruwa a kasafin bana.