Kumfa Kamar Kindirmo: Labarin Giyar Kilkenny

Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko biki a unguwanninmu ya san Malta Guinness, abin sha mai zaƙi wanda ba ya sa maye. To, kamfanin da ya ba ta wannan suna asalinsa daga ƙasar Ayilan yake, kuma a can yana yin wata giya da ake kira Kilkenny Irish Cream Ale. Yanzu da 'ya'yanmu ke zuwa Turai karatu da neman abinci, ya kamata a san ko mece ce ita, domin kalmar "cream" da ke jikinta tana nufin man da ke tasowa a kan madara, kuma baƙo yana iya zaton abin sha ne na nono. Babu ko ɗigon madara a cikinta. Giya ce sosai, barasar da ke ciki kashi 4.3 cikin 100 ce.

Sunan Kilkenny na wani tsohon gari ne a kudu maso gabashin Ayilan. A shekarar 1710 wani mutum mai suna John Smithwick ya soma dafa giya a can, a harabar wani tsohon gidan ibadar Kirista na St Francis. Kamfanin Guinness ya mallaki wurin a 1965. Da aka soma fitar da giyar ƙasashen waje, sai sunan Smithwick's ya yi wa baƙi wuyar faɗi, don haka aka laƙaba mata sunan garin. A ƙarshen 2013 aka daina dafawa a Kilkenny, aka mayar da aikin Dublin, babban birnin ƙasar.

Da sha'ir ake yin ta. Ana jiƙa shi ya yi tsiro, kamar yadda masu pito da burukutu ke yi da dawa, a busar, a gasa wani sashe, shi ne ke ba ta launin ja-ja. Sai a haɗa da ruwa da yis da furen wani tsiro mai ɗaci.

Abin da ya bambanta ta da sauran giya shi ne kumfa. Lemun kwalba da yawancin giya suna da iskar kabon, mai manyan ƙwayoyi da ke cizon harshe. Ita kuwa wannan, mafi yawan iskarta naitirojin ce, wadda ba ta narkewa cikin ruwa da sauƙi, ƙwayoyinta kuma ƙanana ne ƙwarai. Wani masanin lissafi, Michael Ash, shi ya ƙago wannan dabara a kamfanin Guinness, aka soma amfani da ita a 1959. A bakin famfon akwai ɗan faranti mai ƙananan ƙofofi, giyar na ratsawa da ƙarfi, sai kumfa ya taso fari mai kauri, kai ka ce kindirmo.

Mashaya a can ba su gaggawa da ita. Mai zubawa yakan karkata kofin gilas, ya zuba fiye da rabi, ya ajiye har ta lafa, sa'an nan ya cike. A lokacin jiran nan za ka ga kumfa kamar yana gangarowa ƙasa a jikin gilas. Masu shanta suna yabon laushinta a baki, da ɗan zaƙi irin na ƙonannen sukari, da ɗaci kaɗan a ƙarshe. Wannan laushin ne ke ruɗin mutum, don ba ya jin zafin barasa sai ta kama shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an miƙo maka kofi mai farin kai a ƙasar mutane, duba rubutun jikin gwangwani, ko ka tambayi mai gida. Matambayi ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.