Wahalhalun Kare Bayanan Jama'a da Kula da Ƙirƙirarriyar Basira a Cikin Ma'aikatu

Duk ma'aikatar da ke hulɗa da jama'a, banki ne ko asibiti ko makaranta ko kamfanin waya, tana riƙe da bayanan mutane: suna, lambar waya, adireshi, lambobin NIN da BVN, hoton fuska, zanen yatsa, albashi, har da tarihin rashin lafiya. Dokokin zamani sun ɗauki waɗannan bayanai a matsayin amana, mai su yana da haƙƙin sanin abin da ake yi da su, ya nemi a gyara, ko a goge. A Tarayyar Turai dokar GDPR ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Ghana ta yi tata tun 2012, Nijar a 2017. A Najeriya hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar NDPR a farkon 2019, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokokin sun yi kama da juna, kuma wuraren da ma'aikatu ke tuntuɓe wajen bin su ma kusan ɗaya ne.

Tuntuɓen farko shi ne rashin sanin inda bayanan suke. A takarda, komai yana cikin babban rumbun kwamfutar ma'aikata. A zahiri kuwa, sashen kuɗi yana da nasa jadawalin, sashen talla ya kwafi lambobin abokan ciniki ya ajiye, wani ma'aikaci ya tura jerin sunaye ta WhatsApp don aiki ya yi sauri, wani ya zuba a filas ya tafi da shi gida. Ga kuma takardu: kwafin katin ɗan ƙasa da fom-fom da aka cike shekaru goma da suka wuce suna jibge a sito, ba wanda ya san ranar da ya kamata a ƙone su. Ba baƙon abu ba ne a garuruwan Najeriya mutum ya sayi tsire ko ƙosai a naɗe masa a takardar ofis mai ɗauke da sunan wani da lambar wayarsa. Ma'aikatar da ba ta da lissafin abin da ta tara ba za ta iya amsa wa wanda ya ce a goge nasa ba, domin ko an goge a wuri ɗaya akwai saura a wurare biyar. Haka kuma idan masu kutse suka shigo, dokar Najeriya da ta Turai duk sun ba da sa'o'i 72 a sanar da hukuma. Wannan wa'adi yakan ƙare ana kan tambayar juna me aka ɗauka, kuma na su wane ne.

Aikin tattara wannan lissafi ba shi da armashi, ba a kuma gama shi. Kowace sabuwar manhaja da aka saya, kowane sabon fom da aka buga, yana ƙara wani layi. Shi ya sa shugabanni kan fi son abin da za a iya nunawa: kundin manufofi mai bango, takardar shaidar bita, hoton taro.

Doka ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanai su naɗa jami'in kare bayanai. Abin da aka saba gani shi ne a ɗora wa lauyan ma'aikata ko shugaban sashen kwamfuta wannan muƙami a kan aikinsa, ba ƙarin ma'aikata, ba kasafi. Matsalar a bayyane take: wanda ya tsara yadda ake sarrafa bayanai shi ne kuma zai binciki kansa. A 2020 hukumar kare bayanai ta Beljiyam ta ci tarar wani kamfani yuro 50,000 saboda irin wannan haɗa muƙamai. GDPR ta tanadi cewa jami'in ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga ƙololuwar shugabanci, kuma kada a hukunta shi don ya yi aikinsa. Amma doka ba ta iya tilasta a kira shi taro da wuri. Sau da yawa sai an sa hannu a kwangila, an saka ranar ƙaddamarwa, sannan a turo masa takarda ya duba, a lokacin da cewa a dakata ta zama tamkar zagon ƙasa.

Sai batun amincewa. Latsa "na yarda" a ƙarƙashin shafuka goma na Turancin lauyoyi ba lallai ya cika sharaɗin doka ba, wadda ke son amincewar da aka bayar bisa sani kuma ba bisa tilas ba. Ga abokin cinikin da Hausa yake karantawa, da boko ko da ajami, ko wanda wakilin banki ya cike masa fom a kasuwa, tazarar ta fi faɗi. Manhajojin ba da rance sun nuna iyakar abin: mutum ya yarda a shiga lambobin wayarsa, ya makara wajen biya, sai a bi 'yan uwansa da abokan aikinsa da saƙon tozarci, alhali su ba wanda ya nemi yardarsu. A 2021 NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan. A watan Agustan 2024 NDPC ta sanya wa bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, bankin kuma ya musanta laifin.

Bayanai ba sa zama a gida. Kamfanin biyan albashi, mai tura saƙonnin tes, mai ajiyar bayanai ta intanet, kowa yana riƙe da wani yanki, kuma alhakin yana nan a wuyan ma'aikatar da ta karɓa tun farko. Idan rumbun yana wata ƙasa, sai a shiga wani babin. A Yulin 2020 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar da dubban kamfanoni ke dogara da ita wajen tura bayanai Amurka, kuma a Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci tarar kamfanin Meta yuro biliyan 1.2 kan wannan batu. Ƙaramar ma'aikata ba ta da bakin sauya ko layi ɗaya a kwangilar irin waɗannan manyan kamfanoni. Ko ta karɓa ko ta bari.

A kan wannan tubali mai rauni ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta sauka. Shigowarta ta farko ba ta ƙofar shugabanni take bi ba. Ma'aikaci ne zai buɗe ChatGPT a wayarsa ya zuba wasiƙar abokin ciniki don a gyara masa Turanci, ko rahoton taro don a taƙaita. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita amfani da irin waɗannan manhajoji bayan injiniyoyinsa sun zuba bayanan sirrin kamfanin a ciki. Haramtawa kaɗai ba ta cika yin aiki ba, domin wayar ta ma'aikaci ce. Abin da ya fi tasiri shi ne ma'aikata ta samar da manhajar da ta tantance, ta kuma fayyace irin bayanan da ba a sakawa ko da wasa.

Akwai kuma saɓani na asali tsakanin kare bayanai da AI. Dokar kare bayanai tana cewa a tara abin da ake buƙata kawai, a yi amfani da shi don abin da aka faɗa, a goge idan an gama. Masu horar da na'ura kuwa kullum ƙari suke nema, kuma galibi tsofaffin bayanan da aka karɓa don wata manufa daban suke so. Idan an riga an horar da na'urar, cire bayanan mutum ɗaya daga cikinta ya fi ƙarfin share layi a jadawali, tamkar a ce a tsame gishiri daga miyar da ta dahu. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta bi hanya mai tsauri a 2021, inda ta sa kamfanin Everalbum ya goge har da na'urorin gane fuska da ya gina da hotunan mutane ba da yardarsu ba.

Wariya ita ce haɗarin da ya fi wuyar ganowa, domin na'ura tana koyon halin bayanan da aka ba ta ne. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tace masu neman aiki bayan ta koyi rage wa mata maki, saboda yawancin takardun da ta koya da su na maza ne. Abin da ya faru a Holan ya fi muni. Hukumar haraji ta yi amfani da tsarin auna haɗari da ya haɗa da asalin ƙasar mutum, aka zargi dubban iyaye da damfarar tallafin renon yara, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ya jefa su cikin bashi. Gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021 saboda wannan badaƙala. Cire ƙabila ko addini daga bayanai ba ya wadatarwa, tunda a ƙasa irin Najeriya suna da jihar asali da unguwa sun isa su tona su. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, kafin a gane ko na'ura tana nuna bambanci sai an san ƙabila ko addinin waɗanda ta yanke wa hukunci, wato ainihin bayanan da doka ta fi tsanantawa a kansu. Dokar AI ta Turai ta buɗe wata 'yar ƙofa don wannan gwaji, bisa sharuɗɗa masu tsauri.

Maganin da kowace manufa ke ambata shi ne a sa ɗan Adam ya duba hukuncin na'ura. Dokar Najeriya ma ta ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke idan ya shafe shi sosai. Sai dai jami'in da aka jibga wa ɗaruruwan buƙatun rance a yini, wanda kuma za a tuhuma idan ya saɓa wa na'ura abin ya lalace, sa hannu kawai zai riƙa yi. Dubawa ta gaskiya tana buƙatar lokaci da horo da ikon cewa a'a. Alhaki kuwa ba ya komawa kan na'ura: a Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya fasinjan da manhajar amsa tambayoyin kamfanin ta ba bayanin da ba daidai ba game da rangwamen tikiti.

Jagorori ba su yi ƙaranci ba. Hukumar NIST ta Amurka ta fitar da nata a Janairun 2023, ma'aunin ISO/IEC 42001 ya fito a Disambar shekarar, dokar AI ta Turai ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, da tarar da ke iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Abin da ba su iya warwarewa shi ne rabon aiki a cikin gida. Lauya ya san doka bai san na'ura ba, injiniya ya san na'ura bai damu da doka ba, mai harkar kasuwanci yana kallon ranar ƙaddamarwa. Akan kafa kwamiti, amma kwamitin da ba shi da ikon dakatar da aiki ba ya wuce wurin shan shayi. Ma'aikatun da suka yi nisa sukan rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowace manhaja, wanda za a tambaya idan ta yi ɓarna.

Tantancewa kuma ba ta ƙarewa a ranar saye. Kamfanin da ya ƙera manhaja yana sabunta ta lokaci zuwa lokaci, halin abokan ciniki yana sauyawa, na'urar da ta yi daidai bara tana iya kaucewa bana. Wadda aka gwada da Turanci ma ba ta zama gwadaddiya da Hausa ba, domin rubutun Hausa da waɗannan na'urori suka koya da shi kaɗan ne ƙwarai. Don haka ma'aikatar da ke amsa wa jama'a da harsunan gida tana buƙatar masu jin harshen su riƙa gwada amsoshin a kai a kai, a ajiye tarihin kowane hukunci da sigar manhajar da ta yanke shi, a kuma rubuta a kwangila cewa dole mai sayarwa ya sanar kafin ya sauya wani abu.