Kumburin Jijiyar Jini a Ƙwaƙwalwa



A Harlem, unguwar baƙar fata ta birnin New York a Amurka, an yi wata attajira mai suna A'Lelia Walker, wadda gidanta ya zama matattarar marubuta da mawaƙa. A shekarar 1931 jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa, ta rasu tana da shekara 46. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo irin wannan zubar jini shi ne zancenmu na yau.

Kun dai san yadda robar keke kan yi ƙullutu a inda ta raunana. To, haka jijiyar jini kan yi a cikin kai. Likitoci sun ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 50 yana ɗauke da wannan ƙullutu, kuma yawanci ba ya fashewa. Hawan jini da shan taba su ke ƙara hatsarinsa, haka kuma gado.

In ya girma yakan danne jijiyar ido, sai mutum ya ji ciwo a bayan ido, ko fatar ido ɗaya ta sauko, ko ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Wannan ya isa a ga likita a ranar.

In kuwa ya fashe, ciwon kai ne kan sauko farat ɗaya kamar aradu, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Wuya kan ƙage, ga amai, ga ƙin haske, wani ma ya suma. Wani kan ce sanƙarau ne. To, ko wanne ne, asibiti za a nufa nan take. Kada a tsaya yin ƙaho, kada a ba shi asfirin, gama yana hana jini daskarewa. Ko da ciwon ya lafa a je, domin jijiyar tana iya sake fashewa.

Magani kuwa akwai. Tun 1937 Likita Walter Dandy ya fara matse wuyan ƙullutun da ɗan ƙarfe. Yau har ta jijiyar cinya akan zura siririyar waya a toshe shi.

A Harlem ɗin nan, Likita Olajide Williams, wanda ya yi karatu a Legas, ya shiga koya wa 'yan makaranta alamun shanyewar jiki ta hanyar waƙa, don su san lokacin neman taimako. Ku ma ku sanar da iyalinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.