Riɗin Gwaram, Jirgin Ruwa da Filin Jirgin Dutse

Birnin Kudu da Gwaram suna nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci, amma farashin da ake sayar da buhun riɗi a kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ya rataya ne a kan abin da ke faruwa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da Lekki a Legas. Dalili kuwa shi ne mafi yawan riɗi da zoɓon da Jihar Jigawa ke nomawa ba a gida ake cinye su ba: dillalai suna tara su daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau a Kano, inda ake tankaɗewa a zuba a buhuna, sannan tireloli su kwasa zuwa bakin teku, daga can riɗin ya nufi ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Sin, zoɓon kuma mafi yawansa ya nufi Meziko. Duk wani kuɗi da aka ƙara a wannan doguwar hanya, na mai ne ko na ajiya ko na inshora, mai saye a waje ba ya yarda ya ɗauka shi kaɗai, saboda haka ana zabtare shi daga abin da manomi zai karɓa.

Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke fatauci, idan aka auna da nauyi, ta ruwa suke tafiya, domin babu abin da ya kai jirgin ruwa araha wajen ɗaukar kaya mai nauyi zuwa nesa. Wannan dogaro yana da rauninsa. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida, kuma daga ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya suka tilasta wa manyan kamfanoni zagayawa ta kudancin Afirka, abin da ya tsawaita tafiya ya kuma ɗaga kuɗin hayar kwantena, wato akwatin ƙarfen da ake loda kaya a ciki. Ta fuskar shigowa ma haka abin yake, domin ko da yake ana sarrafa takin yuriya a Najeriya, wasu sinadaran da ake haɗa takin NPK da su daga Maroko da Rasha ake kawo su ta ruwa, shi ya sa yaƙin Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya bayyana a farashin taki tun kafin damunar shekarar ta kankama.

Ta ɓangaren muhalli, jiragen ruwa suna fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma sun daɗe suna ƙona baƙin mai mai kauri da ke ɗauke da farar wuta, wadda hayaƙinta ke cutar da huhun mazauna garuruwan bakin teku. Tun 1 ga Janairu 2020 Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya ta rage adadin farar wutar da aka yarda da shi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5. Jiragen sama suna fitar da kusan kashi 2.5 na iskar kabon ta duniya, sai dai kayan da suke ɗauka kaɗan ne ƙwarai, don haka tan ɗaya da aka kai ta sama yana jawo hayaƙin da ya ninka na jirgin ruwa sau gomomi. Kowane kilo na man jirgin sama da aka ƙona yana sakin fiye da kilo uku na iskar kabon, saboda kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar shaƙa ya ƙara nauyi.

Wannan lissafi ya shafi Jigawa kai tsaye. Filin jirgin saman Dutse, wanda aka gina a zamanin Gwamna Sule Lamido, ɗan ƙasar Birnin Kudu, aka kuma buɗe shi a 2014, ya sauƙaƙa wa maniyyata, tunda a shekarun da aka tashi daga nan mutumin Basirka ko Kila bai buƙaci ya je ya kwana a sansanin alhazai na Kano ba. Amma fatan da ake yawan ambatawa, cewa filin zai zama mafitar amfanin gona zuwa ƙetare, yana buƙatar a dube shi da idon basira. Riɗi da busasshen zoɓo kaya ne masu jure ajiya na watanni, kuma darajar kilo ɗaya ba ta kai ta biya kuɗin jirgin sama ba. Abin da ya dace da sama shi ne kaya mai saurin lalacewa kuma mai tsada, kamar ɗanyen nama da kayan lambu, wanda shi kuma yana buƙatar ɗakunan sanyi da wutar lantarki marar yankewa tun daga gona.

Inda asara ta fi taruwa shi ne tsakanin gona da bakin teku. Tirela tana fitar da hayaƙin da ya ninka na jirgin ruwa sau da dama a kan kowane tan da kowane kilomita, tana shan dizal mai tsada, tana tsayawa a shingaye, tana kuma iya yin kwanaki a layin shiga tasha. A da jirgin ƙasa ne ke wannan aiki, tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 ya riƙa kwashe dalar gyaɗa zuwa Legas. Tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala, wadda aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, an yi ta ne domin a duba kaya a rufe kwantena tun daga Kano, sai dai amfaninta ba zai cika ba sai an sami jirgin ƙasa mai tafiya a kan kari, kuma reshen Dutse na layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 shi ne zai fi kusanto da wannan sauƙi ga kudancin jihar.

Akwai kuma wani nauyi da ke tafe wanda mutanen yankin ba su da hannu a sanadinsa. Tun Janairun 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen ruwan da ke shiga tashoshinta kuɗin hayaƙin da suka fitar, kuma kamfanonin sun ɗora shi a kan masu kaya. Manomin da ke noma da garmar shanu, wanda hayaƙinsa bai taka kara ya karya ba, zai biya rabonsa na wannan haraji ta hanyar ragin farashi idan kayansa suka bi ta waɗannan tashoshi, alhali shi ne kuma ambaliya irin ta 2022 da ta 2024 ke cinye wa gona da karya masa gadojin da zai bi ya kai kaya kasuwa.