Mata da Koyon Shirya Fim: Daga Majigin Daudawa zuwa Ɗandume

Idan ana zancen fim a ƙasar Hausa, hankalin masu nazari yakan tafi Kano, alhali kuwa yankin Funtuwa yana da nasa rabo a cikin tarihin. A shekarun 1950 ne aka ɗauki fim ɗin Baban Larai a Daudawa, inda Turawan auduga suke da gonar gwaji, domin a koya wa manoma sabon tsarin noma. Motar majigi ce takan yi yawo da irin waɗannan finafinai gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, maza da yara su taru. Matan aure suna cikin kulle, sai dai labari ya iske su da safe. Wannan maƙala za ta duba dalilin da ya sa har yanzu 'yar Ɗandume take da damar kallon fim, amma hanyar koyon shirya shi ta yi mata nisa.

Kaset ɗin bidiyo ne ya shigar da fim cikin ɗaki. Gidan silima wuri ne da mace mai mutunci ba ta zuwa, amma tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai matan gida suka zama manyan 'yan kallo, labaran kuma suka karkata ga kishi da auren dole da zaman gidan miji. Watau rayuwarsu ake nunawa, amma galibi maza ne ke bayan na'ura.

Asalin matsalar yana ga yadda ake koyon sana'ar. Akwai Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa a Jos, wadda aka buɗe a 1995, sai dai tana bukatar takardar shaidar sakandare da kuɗin makaranta. Mafi yawan masu ɗaukar hoto da masu tace fim na Kano ta hanyar bin ubangida suka koya, kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki. Yaro zai fara da ɗaukar fitila da jan waya, ya kwana a wurin ɗauka, a hankali a miƙa masa na'ura. Ba uban da zai saki 'yarsa daga Ɗandume ta je ta yi wannan bauta a Kano. Wadda ta kutsa kai kuwa, wasa a gaban na'ura ake ba ta, kuma bisa al'adar masana'antar da zarar ta yi aure sai ta ajiye. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta ƙofar rubutu ta shiga: an mai da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, daga baya ta shirya nata, irin su Juyin Sarauta. Amma ita mutuniyar birnin Kano ce, ga kuma suna da ta riga ta yi da alƙalami.

A wasu ƙasashe an gwada wata hanya. A birnin San Faransisko na Amurka, Madeleine Lim, haifaffiyar Singafo, ta kafa ƙungiyar QWOCMAP a 2000 domin matan da ba farar fata ba masu neman jinsinsu, waɗanda suka ga an ware su ta fuskar launi da ta jinsi. Kyauta ake koyarwa, a ara wa ɗaliba kayan aiki, ta shirya gajeren fim kan abin da ya dame ta, sa'an nan a nuna shi a bikin shekara-shekara. Ƙungiya irin wannan ba ta da wurin zama a nan, domin dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai kafa ta, ga kuma shari'ar Musulunci da Jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000. Abin lura ga mai nazari shi ne tsarin koyarwar, wanda ya kai makaranta inda ɗaliba take, ya ɗauke mata kuɗi da tafiya da neman yardar ubangida.

Ɗandume ba ta rasa wuraren da mata ke taruwa da izinin mazajensu ba: makarantun Islamiyya na matan aure, da ajin yaƙi da jahilci, da ƙungiyoyin adashi. Wayar hannu ta yanzu tana ɗaukar hoto mai motsi, ana kuma iya tace shi a cikinta. Labari kuwa ba a rasa shi a garin da kasuwar hatsinsa ta yi suna, inda mata ke surfe da ɓarar masara da sana'ar cikin gida ba tare da an taɓa tambayarsu yadda suke ganin abin ba. Sai dai ita wayar ma tana da iyaka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi, aka yi watanni ba a iya aika ko da hoto ɗaya zuwa Kano.